Makarantun koyon tsara mata: abin da ake sayar wa samari a Amurka da Turai

A watan Nuwamba na 2014 gwamnatin Ostareliya ta soke bizar wani matashi haifaffen Suwizalan mai suna Julien Blanc, ta sa ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar tun bai gama abin da ya kawo shi ba. Ministan shige da fice na lokacin, Scott Morrison, wanda daga baya ya zama firaminista, shi ya ba da umarnin. Kafin watan ya ƙare Birtaniya ta rufe masa ƙofa, Singafo ma ta bi sahu. Sana'ar mutumin a lokacin ita ce yawon duniya yana koya wa maza yadda za su tare macen da ba su taɓa gani ba, su tsara ta, su kai ta ɗaki. Abin da ya tunzura jama'a wani bidiyo ne da aka ɗauka a Tokiyo, inda aka gan shi yana cafko kawunan mata yana danna su a jikinsa, sannan yana gaya wa ɗalibansa cewa farar fata a Japan yana iya yin abin da ya ga dama.

Blanc ba shi ya ƙirƙiro sana'ar ba. A lokacin ma'aikaci ne a wani kamfanin Amurka mai suna Real Social Dynamics, ɗaya daga cikin kamfanoni da dama da ke cin abinci da wannan harka. Masu yin ta suna kiran kansu pickup artists, a taƙaice PUA, wato dai gwanayen tsara mata. Suna da littattafai da darussan bidiyo, suna da manyan malamai da ƙananan almajirai, suna da yarensu wanda bare ba ya ganewa, har da gaba da hassada tsakanin wannan makaranta da waccan. Namiji yakan biya dubban daloli don horon kwana uku. Malami zai ɗauke shi zuwa gidajen rawa da titunan da jama'a ke hadahada, ya nuna masa mace da baki ya ce je ka, shi kuma ya tsaya daga nesa yana kallo don ya yi masa gyara bayan ya dawo.

Ni a ganina, mai son fahimtar wannan harka sai ya raba darasin gida biyu. Kashi na farko shawarwari ne da kowane wa mai hankali zai ba ƙanensa kyauta: ka yi wanka, ka sa tufafin da suka zauna maka, ka ɗaga kai idan kana magana, kada ka ɗauka duniya ta tashi don wata ta ƙi ka. Kashi na biyu shi ne ainihin abin da ake karɓar kuɗi a kansa, wato horar da namiji har ya daina jin kalmar "a'a" idan ta fito daga bakin mace.

Tushen abin ya girmi intanet. A 1970 wani matashi ɗan Amurka, Eric Weber, ya fitar da ɗan littafi kan yadda ake tare 'yan mata, ya riƙa tallarsa a mujallu, ya kuma samu kasuwa sosai. Amma wanda ya mayar da abin makaranta shi ne Ross Jeffries na Kalifoniya, daga ƙarshen shekarun 1980. Ya jingina darasinsa da wani tsari da ake kira NLP, wanda Richard Bandler da John Grinder suka ƙago a shekarun 1970, mai da'awar cewa ana iya juya tunanin mutum da zaɓaɓɓun kalmomi da salon murya. Jeffries ya rubuta wa ɗalibansa dogayen jimloli da za su haddace su riƙa karanta wa mace cikin tattausar murya, bisa alkawarin cewa sha'awa za ta taso mata ba tare da ta ankara ba. A daidai wannan zamani wani kwamiti na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka ya duba NLP bisa buƙatar rundunar sojan ƙasar, ya ce bai ga hujjar kimiyya da ke goyon bayansa ba. Hakan bai hana ciniki tafiya ba.

Da intanet ta zo, sai mazan da kowanne ke fama shi kaɗai suka samu juna. Daga tsakiyar shekarun 1990 suka fara musayar rahoto: na je wuri kaza, na faɗi kaza, ta amsa da kaza, ina na yi kuskure? A cikin wannan taro wani mai wasan rufa-ido ɗan Toronto ta Kanada ya yi fice. Sunansa Erik von Markovik, amma an fi saninsa da Mystery. Shi ya tsara abin mataki-mataki: janyo hankali, sa mace ta saki jiki, sannan kwanciya, kowane mataki kuma ya kasa shi gida uku. Har lokaci ya yanke, ya ce kimanin awa bakwai ake buƙata daga gaisuwar farko zuwa gado.

Wanda ya fito da su bainar jama'a ɗan jarida ne, Neil Strauss, da ke rubutu a New York Times da mujallar Rolling Stone. Ya biya Mystery dala 500 kuɗin horo, ya ɗauki laƙabin Style, ya shafe kusan shekara biyu a cikinsu, har suka kama wani katafaren gida a Los Angeles suka sa masa suna Project Hollywood. A 2005 ya fitar da littafinsa The Game, wanda aka yi wa baƙin bango da gefen takardu mai ruwan zinariya irin na littafin ibada, aka kuma sayar da miliyoyinsa. Shekara biyu bayan haka tashar VH1 ta ba Mystery shirin talabijin nasa na kansa. Abin da masu karatu da yawa suka tsallake shi ne yadda littafin ya buɗe: babban malamin yana kuka yana maganar kashe kansa, ɗalibinsa yana jansa zuwa asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa. Gidan nan ma rigima ce ta wargaza shi. Strauss da kansa ya sake fitar da wani littafi a 2015 inda ya ba da labarin yadda ya ci amanar macen da yake so, da yadda ya shiga cibiyar jinya saboda jarabar da ta fi ƙarfinsa. Samari sun ɗauki dabarun, suka bar gargaɗin a cikin littafi.

Ya kamata a yi wa ɗaliban adalci, don yawancinsu ba da mugun nufi suka shigo ba. Wata masaniyar zamantakewa, Rachel O'Neill, ta zauna da malamai da ɗaliban wannan harka a Landan, ta halarci horonsu, ta fitar da bincikenta a 2018. Mutanen da ta tarar irin waɗanda ake haɗuwa da su a jirgin ƙasa ne kullum safiya za su wurin aiki ko jami'a, kuma ta nuna yadda aka koya musu ɗaukar soyayya a matsayin aikin da ake ƙwarewa a kansa da yawan atisaye. Da yawa masu tsananin kunya ne. Akwai waɗanda suka manyanta ba su taɓa doguwar hira da mace ba, akwai waɗanda aure ya mutu musu, akwai baƙin da suka zo daga wasu ƙasashe ba su san yadda ake neman mace a sabon wurin ba.

A duba kuma inda suke rayuwa. A manyan biranen Amurka da Turai saurayi yakan bar gidan iyayensa da wuri, ya kama ɗaki shi kaɗai a garin da ba shi da kowa. Babu gwaggo da za ta ce na ga wata yarinya mai hankali a gidan wane, babu ƙanwa da za ta kai saƙo, babu bikin dangi da zai riƙa haɗa shi da 'yan mata. Abin da ya rage shi ne mashaya da gidan rawa inda kiɗa ya cika kunne, daga baya kuma manhajojin neman masoya irin su Tinder da ta fito a 2012. A can namiji shi ne mai nema, shi ne ɗan aiken kansa, idan kuma za a ƙi shi a gaban jama'a za a ƙi shi. Tsoron nan na gaske ne, kaɗaicin ma haka, kuma duk wanda ya yi wa mai irin wannan ciwo dariya bai kyauta ba. Laifin malaman shi ne sun ga ciwon sai suka buɗe shago a kansa.

Darussan farko ba su da wata illa mai yawa. Akwai ƙa'idar daƙiƙa uku: da ka ga mace ta burge ka, ka tunkare ta kafin ka ƙirga uku, don kada tsoro ya samu lokacin kama ka. Akwai mabuɗin zance, wato tambayar da aka haddace tun daga gida, misali a nemi ra'ayinta kan wa ya fi ƙarya tsakanin maza da mata. Akwai shigar ɗawisu, a sa wani abu mai ɗaukar ido don a zama abin magana. Shi Mystery da doguwar hular gashi da baƙin fenti a farce aka san shi. Amma tun a nan ƙarya take fara shiga. Ana koya wa ɗalibi ya ce minti ɗaya kawai zai tsaya, abokansa na jiransa, alhali babu mai jiransa. Ana ba shi labaran da ba nasa ba ya riƙa bayarwa kamar a kansa suka faru, don ya nuna shi mai daraja ne kuma wasu matan na rububinsa.

Daga nan sai dabarar da suka fi shahara da ita, wadda suke kira neg: yabo mai ɗauke da ƙaya a ciki. "Faratan nan naki sun yi kyau, naki ne ko na sayarwa?" Dalilin da suke bayarwa shi ne kyakkyawar mace ta gaji da jin yabo, don haka sai an ɗan taɓa mata girman kai kafin ta kalli namiji da kima. Abin da ake nema a zahiri shi ne a girgiza mata yardar da take da ita ga kanta, har ta fara neman ta gyara kanta a idon mutumin da ko sunansa ba ta sani ba. Sai a bi wannan da ja da saki: yanzu a nuna mata kulawa, an jima a ɗauke kai kamar ba a san da ita ba. Wannan kam yana aiki a kan ɗan Adam, kuma ba sirri ba ne. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin halayyar ɗan Adam B. F. Skinner ya nuna a gwaje-gwajensa da tattabaru cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi ɗaure mai nemansa fiye da ladan da ke zuwa kullum. Da wannan injinan caca ke riƙe mutane. Wanda abin ya fi kamawa kuwa shi ne mai rauni: yarinyar da ba ta daɗe da fita daga gida ba, ko wadda aka saba rainawa, ko wadda ke cikin damuwa. Macen da ta san ciwon kanta takan juya baya ta yi tafiyarta.

Sai taɓawa, ita ma mataki-mataki: hannu, kafaɗa, baya, ana gwada inda za ta tsaya. Sai raba ta da waɗanda suka zo tare, sai sauya wuri sau biyu ko uku a dare ɗaya don ta ji kamar sun daɗe da sanin juna. A yarensu macen da aka sa wa ido sunanta abin hari. Ana ba ta maki daga ɗaya zuwa goma gwargwadon kyanta, kuma da makin ake ambatonta a rahoto maimakon sunanta. Ƙawarta da ke kula da ita sunanta shinge. Abokin namijin kuma, wanda suke kira mai tsaron fiffike kamar a jirgin yaƙi, aikinsa ya shagaltar da shingen. Mutumin da ya shafe shekara yana magana da wannan yare, yana rubuta rahoto da shi kowane dare, da wuya idonsa ya ci gaba da ganin mutum a gabansa.

Inda abin ya fi muni shi ne darasin ƙarshe, wanda suka sa wa suna turjiyar minti na ƙarshe. An kai ɗaki, mace ta ce a'a, ko ta ce a tsaya, ko ta ce gida take so ta tafi. Abin da aka koya wa ɗalibi shi ne wannan a'a ba ta gaske ba ce. A faɗinsu tana so, tsoro kawai take yi kada a ɗauke ta 'yar iska, don haka aikin namiji shi ne ya ɗauke mata nauyin laifin ta hanyar ci gaba. Ana koya masa ya amsa da baki cewa gaskiya ne ya kamata a tsaya, hannunsa kuwa kada ya tsaya. Idan ta dage, ya kunna fitila, ya juya mata baya, ya share ta har ta ji kamar ita ce ta yi laifi ta dawo tana ba da haƙuri. A 2019 wani ɗan jaridar BBC, Myles Bonnar, ya shiga irin wannan horo a Landan a ɓoye, ya naɗo malamai suna koyar da yadda ake shawo kan wannan turjiya, suna kuma tura ɗalibai su tare 'yan mata ba tare da damuwa da ƙarancin shekarunsu ba. Bayan binciken, YouTube ta sauke bidiyo fiye da 100.

Mai karatu ya lura da yadda aka gina tunanin. Idan mace ta amsa, dabara ta yi aiki. Idan ta yi shiru, tana so ne kunya ta hana ta faɗa. Idan ta ƙi da fushi, gwada shi take yi ta ga ko namiji ne, kuma cin jarrabawar shi ne kada ya ja da baya. Idan ta ƙi a ɗaki, turjiyar minti na ƙarshe ce. Babu amsa ko ɗaya da za ta bayar wadda tsarin zai karɓa a matsayin ƙi. Mace tana iya ƙarewa ta bar abin ya faru don ta gaji, ko don tana tsoron abin da zai biyo baya idan ta ci gaba da ƙi a ɗakin baƙo da tsakar dare, shi kuma ya tashi da safe ya rubuta cewa ya yi nasara.

Ba a tsaya a magana ba. A 2013 a San Diego ta Kalifoniya, wasu malamai biyu na wani kamfanin koyar da wannan harka da ɗalibinsu suka kai wata mata da giya ta ɗauke wa hankali wani ɗaki, aka yi mata fyaɗe. Ita da kanta ta shiga bincike a intanet har ta gano rahoton da aka rubuta ana alfahari da daren, ta miƙa wa 'yan sanda. Kowanne daga cikin malaman biyu ya samu ɗaurin shekara takwas.

Ana yawan lulluɓe duk wannan da rigar kimiyya. Kalmar da suka fi so ita ce alfa, namijin da ya danne sauran maza, wanda suka ce halitta ta sa mata ba sa iya ƙinsa. Daga nazarin kyarkeci aka aro ta. Wani masanin dabbobi mai suna Rudolph Schenkel ya kalli kyarketai da aka tara a gidan namun daji na Basel a shekarun 1940, wani masanin kyarkeci David Mech kuma ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970. Amma Mech ɗin da kansa, bayan ya daɗe yana bin dabbobin a daji, ya fito a 1999 ya ce garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, faɗan neman sarauta kuma halin baƙin juna ne da aka kulle a keji ɗaya. Ya yi ta roƙon a daina buga tsohon littafin nasa.

Akwai kuma wani gwaji da masana halayyar ɗan Adam Russell Clark da Elaine Hatfield suka wallafa a 1989, wanda aka yi a wata jami'a a Florida. An tura ɗalibai su tare baƙi a harabar makaranta da magana ɗaya mai sauƙi: na daɗe ina ganinki, kin burge ni, sannan a yi tambaya. Da tambayar ta zama ko za mu fita tare yau da dare, kusan rabin matan sun amsa. Da ta zama ko za mu kwana tare, babu mace ko ɗaya da ta yarda. Wato saurayin da bai haddace komai ba, bai zagi kowa ba, ya faɗi abin da ke ransa a fili, yana da rabo mai kyau a wajen neman hira. Nasarar da ɗalibin PUA ke gani a watanninsa na farko ba ta buƙatar wani dogon bayani. Mutumin da a da ba ya yi wa kowa magana yanzu yana tare mata da dama kowane mako, ya gyara shigarsa, tsoro ya ragu da sabo. Dole wasu su amsa. Sai malami ya karɓe yabon ya ba dabara.

A nan harkar ta yi kama da ta boka mai ba da laƙanin farin jini. Idan abu ya yi kyau, aikin malam ne. Idan bai yi ba, kai ne ka karya sharaɗi, ka dawo da wani kuɗin a sake haɗa maka mai ƙarfi. Ɗalibin da ya gama horon farko bai ga sauyi ba ana gaya masa matsalar daga zuciyarsa take, akwai wani kwas na gyaran ciki. Bayan shi akwai na rana, akwai na saƙon waya, akwai na zama da babban malami ido da ido. Duk dabarun da aka koya masa ya yi wa mata an riga an yi masa su: an fara da raina shi, an kira shi gama-garin wawa mai takaici, wanda shi ne sunan da suke ba duk namijin da bai shigo ba, an yaba masa yau an kunyata shi gobe, an ce kujera ta kusa ƙarewa ya yi sauri ya biya. Kamfanin ba ya cin riba da wanda ya samu mace ɗaya ya zauna lafiya. Ribarsa tana ga wanda bai gamsu ba.

Waɗanda suka kashe kuɗi ba su ga komai ba, ba duka suka koma gida lafiya ba. Wasu sun taru a wani shafi mai suna PUAHate, da farko don tona asirin malaman da suka cuce su. Sai dai sun jefar da dabarun, suka riƙe aƙidar da ke ƙarƙashinsu, cewa mata kaya ne da ake rabawa kuma an hana su kasonsu. Elliot Rodger, ɗan shekara 22 da ya kashe mutum shida a Isla Vista ta Kalifoniya ranar 23 ga Mayu 2014, yana cikin masu rubutu a wurin. Ba malaman tsara mata ne suka ba shi makami ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu jinin kai tsaye. Amma tunanin da ya tafi da shi, cewa jikin mace haƙƙinsa ne da aka tauye masa, ɗan gida ɗaya ne da abin da suke koyarwa.

Doka tana iya kama wani ɓangare na wannan, wani kuma ya fi ƙarfinta. A Glasgow ta Sikotilan, an ɗaure Adnan Ahmed, wanda ke kiran kansa Addy A-Game yana ɗaukar bidiyon matan da yake tarewa, shekara biyu a 2019 bisa laifin tsoratar da 'yan mata. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Faransa ta kafa dokar tara kan cin zarafin mata a titi a 2018, Ingila da Wales kuma tun 2015 suka mayar da danniya da juya tunanin abokin zama laifin da ke iya kai mutum kurkuku shekara biyar. Amma yi wa mace ƙarya a kan ko kai wane ne, da rage mata kima da gangan, da share ta don ta ji laifi, yawanci babu kotun da za ta saurare su, ko da yake sun bar tabo.

Bayan rikicin Julien Blanc na 2014 tsohon salon ya ja baya. Kamfanoni da dama sun sauya suna suka koma sayar da abin da suke kira gina kai. Daryush Valizadeh, wanda aka sani da Roosh V, da ya yi ta rubuta littattafan yadda ake kwana da matan ƙasa kaza da ƙasa kaza, wanda kuma a 2015 ya rubuta cewa a halatta fyaɗe a cikin gidajen mutane sannan ya ce ba da gaske yake ba, ya koma coci a 2019 ya janye littattafan nasa. Sai dai aƙidar ta samu sababbin masu ɗauka. Andrew Tate, tsohon ɗan damben ƙafa mai takardun Amurka da Birtaniya, ya taɓa bayyana a shafinsa cewa aikinsa shi ne ya haɗu da yarinya, ya sa ta kamu da sonsa, sannan ya sa ta aikin nuna tsiraici a kyamara. An kama shi a Romaniya a Disamba 2022, aka tuhume shi a Yuni 2023 da fyaɗe da safarar mutane, zargin da yake musantawa. Facebook da Instagram da TikTok da YouTube sun rufe shafukansa a Agusta 2022, amma mabiyansa suna ci gaba da yayyanka maganganunsa suna watsawa.

Ta wannan ƙofa abin ya iso wayoyin samarinmu. Tate ya sanar da shiga Musulunci a Oktoba 2022, matasa Musulmi da yawa a duniya suka yi murna suka ƙara buɗe masa kunne. Imaninsa tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Amma darussan da ya gina sunansa da su suna nan suna yawo, kuma yaron da ke kallonsu a Kano ko Maraɗi ba lalle ya san daga wace kasuwa suka fito ba, ko cewa asalinsu koyar da zina ne da yaudara.

Kuma suna sauka a ƙasar da akwai wata magana da ke iya yi musu masauki. Mun saba cewa jan aji take yi idan budurwa ta ƙi sakin fuska. Jan aji gaskiya ne, akwai shi, kunya da kawaici ma suna sa yarinya ta ƙi faɗin abin da ke ranta a karon farko. Amma sau nawa aka fake da wannan magana aka ci gaba da damun wadda ta riga ta faɗi gaskiyarta, aka cika mata waya da kira, aka tare ta a hanyar makaranta, wani lokaci har aka kai ta gidan wanda ta ce ba ta so? Abin da ke raba jan aji da ƙi a tsarin neman aurenmu, idan an bi shi yadda ya kamata, shi ne akwai waɗanda ake tambaya. Saurayi yakan ja baya ya jira, ya tura ƙanwarsa, a ji ta bakin ƙawarta ko yayarta ko gwaggonta, waɗanda za ta iya gaya wa abin da ba za ta faɗa masa ba. Idan amsar da ta fito ta nan ita ce a'a, magana ta ƙare, kuma abokansa ma za su ce ya haƙura. Darasin PUA waɗannan mutanen yake fara kawarwa. Yana so a samu mace ita kaɗai, nesa da ƙawar da za ta ja hannunta ta ce zo mu tafi, a wurin da namijin ne kaɗai zai fassara abin da take nufi, bayan an riga an koya masa cewa duk abin da ta faɗa yarda ce.